Muryar Mai Gurasa

Har gobe ban manta da ranar da muka haska fim ɗin mai gurasar Kabul ba, duk da na so in manta.

Lokacin ni ce ƙaramar edita a wani kamfanin da ke shirya finafinan rayuwar gaskiya a birnin Greensboro na Amurka. Aikin edita shi ne a zube masa hotunan da aka ɗauko, ya yanka, ya jera, ya ɗora sauti. Hoto layinsa daban, sauti layinsa daban, shi ya sa ana iya zare muryar mutum a bar shi yana motsa baki.

Anti Zarmina maƙwabciyata ce a gidajen haya na Gate City Boulevard, 'yar gudun hijira daga Afghanistan. Ni na kawo ta kamfanin. Ta ba mu bidiyon wayarta: mijinta, wanda yaƙi ya ci daga baya, yana manna gurasa a tanderu yana waƙa. Gurasar farko kullum tata ce, yakan dangwala mata yatsu uku a tsakiya. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, sai da na jiƙa mayafina da hawaye.

Na ce mata, "Anti, duniya za ta ji muryarsa. Alkawari ne."

Da darakta ya kalli yankan farko, sai ya ce, "Ina yaƙin, Bilkisu?"

"Oga, ai a cikinsa yake gasa gurasar."

"To a ji shi. Masu kuɗin unguwar Irving Park ba waƙa za su zo saurare ba."

Na shiga ma'ajiyar sautinmu na ɗauko ƙarar bama-bamai na shimfiɗa. Waƙar na riƙa rage ta kaɗan-kaɗan har ta ɓace. Na ce wa raina zan mayar da ita idan ya sa hannu. Ya sa hannun, ban mayar ba.

Ranar Asabar da la'asar aka haska. Anti ta zo da koren mayafin aurenta, ta zauna a gaba. Mijinta ya fito yana motsa baki, bango na girgiza da ƙara. 'Yan kallo suka share hawaye, suka tafa. Ita hannunta na kan cinya.

A bakin ƙofa ta tsaya ta dube ni.

"Ranar Sallah ce fa, Bilkisu. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Ni na riƙe wayar."

Na ce zan kawo mata na asalin.

"Wannan ina da shi. Wancan ne mutane suka gani."

Har yanzu tana amsa gaisuwata, amma gurasar da takan kawo mini ranar Juma'a ba ta sake zuwa ba.

Ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, ku sani ba sai an ɗauki hoton ƙarya ake yin ƙarya ba. Darakta ya faɗa ne kawai. Yatsan da ya rage muryar mutumin nan nawa ne.