Ludayin da Ya Ƙi Hannun Dama

Ni na riƙe yaron tun ranar da aka yaye shi. Ƙanwata ce ta haife shi, ɗan farinta ne, kuma a wurinmu mace ba ta jan ɗan fari a jiki a gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa. Ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba. Uwarmu ce ta goyo shi daga unguwar Lagos Town ta nan Accra, inda ƙanwar tawa ke aure, ta sauke mini shi a ɗakina na unguwar Nima ta ce ga naki. Ya tashi yana ce mini Mma, ita kuma yana ce mata Anti. In ta zo ziyara sai ta kau da kai ta ce, "Yaya, yaron nan yana jin magana kuwa?" Iyakar rabonta a kansa ke nan, ni ma ban taɓa ƙara mata ba.

Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin babbar kwata. Kuma ni bahaguwa ce. Ina ƙarama an doke ni a kan haka, an ɗaure mini hannun da tsumma, har kowa a gidanmu, har da ƙanwata, ya ɗauka an raba ni da hagu. A bakin hanya da dama nake zuba wa mutane, don ba wanda zai sha kokon da aka miƙo masa da hagu. Amma da asuba a bayan ɗaki, wurin tata da damawa da juyewa a babbar roba, hagu ce ke aikin. Mutum ɗaya ne ya san haka, shi ne yaron mai riƙe mini matatar koko yana gyangyaɗi kafin ya tafi makaranta.

'Yan shekaru bayan ƙasar ta samu 'yanci, hedimastan makarantarsu ya tsaya a gaban teburina ya ce yaron ya ci jarrabawa, an ɗauke shi a makarantar gwamnati ta kimiyya da ƙere-ƙere, can yamma a bakin teku. Ya ce ba kowa suke ɗauka ba, daga duk faɗin ƙasar suke tsince yara, su koya musu lissafi da injuna da aikin ƙarfe. A lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Sai da gashina ya fara fari na zauna a ajin manya. Amma na gane abin da fuskar hedimasta ke faɗa, na raba sauran kokon ranar sadaka.

Kashegari sai ga ƙanwata da ɗan dako a bayanta, ɗauke da sabon akwatin ƙarfe. Ta tsaya a tsakar gida ta kwaɗa wa yaron kira da sunansa, gatsal, matan gida suna ji.

Na ce, "Yau kuma ina aka ajiye kunyar?"

Ta ce, "Haba Yaya, zamani ya canza."

"Jiya da yamma ya canza, ko da safen nan?"

Ta yi dariya kamar wasa nake yi. Ba wasa nake yi ba. Zamani bai canza ba lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, bai canza ba lokacin da yake jiƙa mini tabarma. Na haɗa masa akwatin katako na abinci, garin rogo da sukari da shito, yajin nan da muke soyawa da kifi har ya yi baƙi. Nawa akwatin a ƙarƙashin kujerar mota aka tura shi. Nata aka ɗora a sama, kowa yana gani.

Daga nan matan kasuwa suka fara ce mata uwar injiniya. Ni ina nan a mai koko. Da kunnena na ji wata tana tambayarta yadda ta yi ta tarbiyyantar da yaro haka, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai addu'a." Rannan ƙosaina ya ƙone, kasko biyu a jere.

A ƙarshen shekarar farko makarantar ta gayyaci iyaye su zo su ga aikin 'ya'yansu. Ban gaya wa ƙanwata ba. Na isa tasha na tarar da ita ta riga ni, ta sha leshi da sarƙa, har ta kama mini wuri kusa da ita.

Abin da ya fara tsaya mini a rai a makarantar nan famfo ne. Wani dogon ɗaki suka kai mu, kowane tebur da famfonsa, ba mai ɗiba, ba layi, ba faɗa. Ni da na tsufa ina zagin mata a kan bokiti. Sai na ji ina kishin yaran ma, har da nawa. Ƙanwata kuwa tana ta gyaɗa kai tana jefa 'yan kalmomin Turancin da ta tsinta a shagon mijinta, malamai suna yi mata murmushi.

Daga nan aka shiga ɗakin aikin ƙarfe. Kowane yaro na tsaye bayan abin da ya ƙera da hannunsa: wani mazurari, wani cebur ɗin kwashe toka, wani ƙaramin murhun gawayi. Nawa yana tsaye cikin kakinsa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. A gabansa ludayi ne na farin ƙarfe, mai zurfi, an goge shi har yana ɗaukar ido, an fitar masa da ɗan baki a gefe ɗaya don tsiyayewa.

Malamin ya yi magana da Turanci, wani ya juya mana da yaren Twi: kowane yaro ya miƙa wa uwarsa aikinsa. Da ya zo kanmu ya ga mata biyu sai ya tsaya. Ya dubi yaron, ya dube mu. Wushiryar da ke bakin yaron ita ce a bakin ƙanwata, goshin ma nata ne. Ni ba abin da ya ɗauko nawa da ido zai gani. Malamin ya yi mata nuni da hannu. Yaron ya ɗaga ludayin ya buɗe baki, bai kai ga cewa komai ba ta sa hannu biyu ta karɓe, tana hawaye. Aka tafa mata.

Ban yi magana ba, don na san in na fara sai an fitar da ni daga makarantar, kuma shi zai sha kunyar. Da zai raka mu ƙofa ya ce, "Mma, shiton ya kusa ƙarewa." Na ce, "Gaya wa uwarka." Na ga yadda fuskarsa ta yi, ban janye ba. A mota ta rungume ludayin a cinya har Accra, ni kuma na kalli teku ta taga har wuyana ya ƙage.

Ta jera shi a kabad ɗin gilashi tare da kwanukan aurenta. Duk wadda ta shiga ɗakin sai an buɗe an nuna mata. Ni na daina zuwa Lagos Town.

Abin da ya mayar da ni suna ne. Matar ƙanen mijinta ta haihu, kuma ba a yin taro a danginmu ba ni a bakin tukunya ba. Na dama kunun, mata sun cika tsakar gida, sai ga ta ta fito da ludayin a ɗage.

"Yau da aikin ɗana za a sha kunu," in ji ta.

Ta ɗebo ta karkata zuwa kofi. Kunun bai bi ta bakin ba, don bakin yana can ɗaya gefen yana kallon waje. Ya malalo ta gefe ya zubo mata a ƙafa. Ta yi tsalle. Ta sake gwadawa tana murɗa hannu kamar mai ciwon kafaɗa, ya ɓata mata leshi.

Wata tsohuwa daga unguwar Kotobabi ta ce, "Uwar injiniya, injin naki ya juya baya."

Mata suka fashe da dariya. Ƙanwata ta ce, "Yara ne, koyo suke yi. A juye ya sa bakin." Ta jefa shi cikin roba.

Ni tun zubowar farko na daina jin dariyarsu. Bakin nake kallo, da gefen da yake. Yaron da ya ci jarrabawar da ta kayar da 'ya'yan manya ba zai rasa sanin dama da hagu ba. Na sa hannun hagu na ɗauki ludayin. Ya zauna mini kamar an auna. Na ɗebo na tsiyaya a kofi, kunun ya sauka siriri, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Na cika na biyu, na cika na uku.

Tsohuwar ta ce, "Ke, da hagu kike zuba wa mutane?"

Na ce, "Da ita nake dama wanda kike saya kullum, Hajiya, kuma ga ki nan da ranki. Wadda ba ta sha ta ajiye."

Ba wadda ta ajiye. Ƙanwata ta tsaya tana kallon hannuna, ta daɗe. Can ta ce a hankali, "Ashe ba ki daina ba."

"Ban daina ba."

"Shi ya sani?"

"Wa kike tsammani yake riƙe mini matata?"

Ta shige ɗaki canza zane. Da aka watse na wanke ludayin, na naɗe shi a gefen mayafina, na wuce ta gabanta da shi. Ta gani, ba ta hana ni ba.

Da yaron ya zo hutu ya tarar da shi tsaye cikin robar koko, ya riga ya fara dushewa da aiki. Ya tsuguna yana juya shi.

"Mma, yana ɗiga?"

"Ba ya ɗiga. Mariƙin ne ya yi gajere, tururi na ƙona ni."

Ya ce zai ƙara masa tsawo in ya koma. Na zuba masa koko ya sha, ya ƙara. Sannan ya miƙe ya ce bari ya je ya gaida Anti. Na ce ya je mana, wa ya riƙe shi. Ya saka farar rigarsa mai kyau, wadda ita ta saya masa, na bi shi da ido har ya tsallake kwata ya shiga motar haya, trotro.