Alewar Inna a Cikin Kwalba

Wata rana ruwan sama ya kora ni cikin wani shago a Kaduna, irin shagunan nan da mata ke sayen kayan kek da na cincin.

Ruwa ne na tsakiyar damina, marar gaggawa. Irin wanda in ya fara, gara ka nemi kujera.

Duk mata ne a shagon, in ban da mutum ɗaya.

Dogo ne siriri, da fensir a maƙale a bayan kunne. Yana tsaye gaban kantar da aka jera ƙananan kwalaben filebo, ruwan ƙamshin da ake ɗiga wa kek. Ya buɗe wannan ya shinshina, ya rufe, ya buɗe waccan. Idonsa a lumshe, kamar mai sauraron tashar rediyo da ke zuwa daga nesa.

Mai shagon, wata Hajiya mai tabarau a karan hanci, ta ce, "Injiniya, in ka shaƙe min ƙamshin duka, me zan sayar wa mutane? Kwalba?"

Ya ce, "Hajiya, wannan karon an cuce ku. Ruwa ne zalla aka ɗura muku. Ba ya ƙamshin komai."

Ta karɓa ta kai hanci, ta kawar da kai tana atishawa.

"Wannan? Ai ko mai mura ya jiyo shi daga bakin titi."

Ya yi murmushin wanda ya saba ba a yarda da maganarsa. Ya sayi na madara da na citta, ya biya.

Da ya ga ina kallonsa, sai ya yi mini sallama. Sunansa Nafi'u, sana'arsa zanen gidaje, ofishinsa na saman benen. Ya ce tunda ruwan bai da niyyar tsayawa, in hau mu sha shayi.

Na bi shi.

Yana buɗe ƙofar, ƙamshi ya tare ni kamar labule mai nauyi. Zaƙi ne mai kauri, na madara da sukari da wani abu kamar ayaba da ta wuce nuna. Sai da idona ya kawo ruwa.

Shi kuwa ya shige kamar ba komai.

A kan teburin zanen, gefen ruloli da manyan takardu, akwai sigarin lantarki, irin wanda ake zuba wa ruwa a zuƙa. Ya ɗauka ya ja, ya saki wani farin gajimare da ya tashi a hankali ya kwanta a ƙarƙashin silin.

Ya ce, "Kada ka ce hayaƙi, Malam. Tururi ne. Matata ce kawai aka yafe wa ta ce hayaƙi."

Ya daɗe yana shan taba, in ji shi, tun yana makaranta. Da tari ya fara tashinsa daga barci sai ya koma wannan. Daga baya ruwan da ake sayarwa a kasuwa ya daina yi masa, ya fara haɗa nasa da kansa.

Ya zaro makulli ya buɗe wata durowa ta ƙasa.

Kwalabe ne masu duhu a jere, kowace da ɗan ƙyalle a wuya. Ga sirinji, ga safar hannu, ga babbar roba ta gilisarin, ruwa mai yauƙi da ake haɗin da shi. Kwalbar nikotin, sinadarin nan na taba, tana can ƙurya cikin gwangwani mai murfi. Ya ce ita ba ya taɓa ta sai da safa, ba ya kuma kai ta gida, saboda yara. Guba ce, kuma ya san guba ce.

Mutum ne mai tsari. Na lura ko fensiransa duk bakinsu waje ɗaya suke kallo.

Ya bayyana mini yadda abin yake. In ka haɗa, ba a sha a ranar. Sai ka rufe ka ajiye a duhu, kullum ka ɗauko ka girgiza, ka buɗe ya sha iska kaɗan, ka mayar. Makonni yake yi a haka. Ruwan da ka zuba fari tas, sai ka iske ya koma kalar zuma.

Ya ɗaga ɗaya a hasken taga. Ruwan sama na gangarowa a gilashi ta bayanta, ita kuma tana ɗauke da wani ja-ja mai laushi, kamar yamma ta shiga ciki ta kasa fita.

Na ce, "To wane ɗanɗano kake nema da duk wannan?"

Ya zauna. Ya ajiye kwalbar.

Sannan ya ce alewar madarar Innarsa.

A Malumfashi suka tashi. Inna takan sayi madarar shanu da safe, ta ɗora a murhu da sukari da ɗan citta, ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana juyawa. Shi ne auta, don haka shi ke da ƙanzon tukunya. Ya ce akwai wani ƙamshi da ke tashi daf da saukewa, ba na madara ba ne kuma bai kai ƙauri ba, wani abu ne a tsakani. In ya tashi, har kajin gidan sukan matso.

Ƙamshin nan yake so ya kama ya sa a kwalba, ya riƙa yawo da shi a aljihu.

Ya gwada ya gwada. Duk wadda ya buɗe bayan jira, sai ya ji lami. Sai ya ƙara filebo. Ta gaba ma lami. Ya sake ƙarawa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya jiƙan Inna."

Ya kwashe da dariya har fensirin ya faɗo.

"Tana nan da ranta, Malam! Jiya ma ta kira ni tana faɗan ban zo sallah ba."

Na ce to me ya hana ya ce ta yi masa?

Ya ce tana yi, tana aiko masa a mota. Amma hannunta ya canja. Tsufa ne. Ta ƙarshen da ta aiko, kamar alli ya tauna. Bai gaya mata ba don kada ranta ya ɓaci, ya raba wa masu gadin benen.

Na taɓa karantawa cewa hanci ma'aikaci ne mai saurin gajiya. Ƙamshin da ya zauna da shi kullum, sai ya daina kai rahotonsa. Kuma yawancin abin da muke cewa harshe ya ji, hanci ne ya ji masa.

Na dubi gajimaren da ke kwance a silin. Na dubi mutumin da ke zaune a ƙarƙashinsa tun safe.

Na faɗa masa abin da na karanta, a taƙaice. Ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya ce e, masu harkar suna faɗin haka, amma shi nasa hancin garau yake.

Ruwa ya tsagaita. Na yi godiyar shayi na sauka.

Sai bayan an yi girbi na sake bi ta layin. Na hau don mu gaisa.

Tagogin duk a buɗe suke. Ofishin na warin takarda da tawada, kamar kowane ofishi. Nafi'u ya ɗan yi ƙiba, yana tauna asuwaki.

Ga abin da ya ba ni labari.

Yayarsa ce ta kira shi, ta ce hannun Inna na dama ya fara rawa, ko kofi ba ta riƙewa da kyau. Ya shirya ya tafi.

Ya same ta a tsakar gida, ta rame, amma bakin nan nata yana nan. Ta sa aka sayo madara. Ta ce ita yanzu ba ta iya juyi, shi zai juya, ita ta zauna a gefe. Yayyensa mata duk sun koya sun watsar, sun koma ta madarar gari ta kanti. In bai karɓa ba, da ita za a binne ta.

Ya zauna a kujerar nan 'yar tsuguno, gwiwoyinsa har kunne. Ya kama juyi.

Ya tambaye ta minti nawa ake yi. Ta ce ita ba ta taɓa dafa alewa da agogo ba. Ba a kuma duba kala, don hasken murhu maƙaryaci ne. Da hanci ake saukewa. In ƙamshin ya juya, a sauke a lokacin, ko sallama ake yi a ƙofa.

Ya yi ta juyawa yana jira ƙamshin ya juya.

Madara ta yi kauri. Ta fara tsalle. Yana jira.

Yaran maƙwabta da ke wasa a zaure suka leƙo. Wata mata ta ɗaga murya ta bayan katanga tana tambaya ko an manta da tukunya a wuta.

Inna na zaune a gefe. Kallonsa kawai take yi.

Sai da baƙin hayaƙi ya shiga idonsa sannan ya sauke.

Ta ce, "Auta, me ka ji?"

Ya ce, "Ban ji komai ba, Inna."

Ta ce, "Duk unguwa ta ji, kai da kanka ke cikin tukunyar ba ka ji ba. To wadda nake aiko maka fa, wa yake ci?"

Ya dubi baƙar tukunyar.

Ta ce, "Dama na sani. Da can in ta isa, kafin la'asar ka kira ni. Da ka daina kira, na ce ko dai hannuna ya mutu, ko wani abu naka ya mutu. Na ba jikoki, suka cinye har da lashe faranti."

Ya ce mini a ranar bai iya cin tuwon dare ba.

Da ya dawo Kaduna ya kulle sigarin lantarkin a durowa tare da kwalaben, ya ba matarsa makullin.

Bai zo masa da sauƙi ba, kuma bai ɓoye mini ba. Ciwon kai, rashin barci, faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya taɓa zuwa ya tsaya a gabanta yana roƙon makullin kamar yaro. Ta ce ya kira Inna ya nemi izini, in ta yarda ga shi. Ya koma ya kwanta. Daga baya ya je wurin likita aka taimaka masa.

Duniya kuma ta fara dawo masa guntu-guntu, ba bisa tsarin da zai zaɓa ba.

Warin kwata ne ya fara zuwa. Ya ce ya tsaya a bakin titi yana shaƙa yana murna, mutane na kewaye shi. Sai hayaƙin janareta. Sai wata safiya 'yarsa ta ɓare lemo a ɗaya ɗakin, ya ɗago kai daga sallaya. Sai ƙamshin kan jaririnsu, wanda tun da aka haife shi bai san yana da shi ba.

Kullum yana kiran Malumfashi ya ji yadda hannun yake. Kullum ana ce masa da sauƙi, da irin muryar da ke nufin akasin haka.

Bai jira hancin ya gama dawowa ba. Ya koma.

Wannan karon ɗaukar ta aka yi aka fito da ita tsakar gida, aka jingina ta da matashi. Ya hura wuta, ya ɗora madara.

Ya ce ya rufe ido yana juyawa. Da farko ƙamshin madara ne kawai, fari, shimfiɗaɗɗe. Sai citta ta ratso. Sai zaƙi ya yi nauyi. Ya ji kamar yana tafiya a wani dogon soro mai duhu da ya taɓa sani, yana shafa bango.

Can sai wani abu ya motsa a ƙarshen soron. Siriri ne ƙwarai, kamar zare.

Ya tsaya yana tantama. Shi ne, ko ba shi ba ne?

Ya ƙara juyi kaɗan, sannan ya ce, "Inna, ya juya."

Ta ce, "Sauke."

Ya juye a farantin da aka shafa wa man shanu. Da ta sha iska ya yanka, ya sa guda a baki.

Ya ji madara. Ya ji citta. Ya ji abin nan na tsakani, yana nan inda ya bar shi. A bayansa kuma, can ƙasa, ɗan ɗaci kaɗan.

Kafin ta kai nata baki ya ce, "Na makara, Inna. Ta ɗan kama."

Ta tauna a hankali da sauran haƙoranta, tana kallonsa.

Ta ce, "Ta kama. Amma kai ka faɗa, ba ni ba. Gobe a sayo madara."

Darasi:

In komai ya fara yi maka lami, abinci, hira, gida, mutanen da ka taso a hannunsu, kada ka yi saurin cewa su ne suka canja. Bincika abin da kake shaƙa kullum.

Kuma abin da kake wahalar kwaikwayo a kwalba, duba da kyau, wataƙila na ainihin yana zaune a tsakar gida yana jiran kiranka. Ba zai zauna har abada ba.

Tura labarin nan ga wanda ka san ya daɗe bai je gida ba. In kuma taka Innar tana raye, ajiye karatun nan ka kira ta, turawar ta biyo baya.