Allon da Chevo Ya Sauke

Shekara arba'in da bakwai Eusebio Tafoya ya yi yana lanƙwasa gilashi a garin Piedra Seca, kuma ban da limamin coci babu mai kiransa da wannan dogon suna. Kowa Chevo yake ce masa. Sana'arsa allunan wuta ce: ya ɗora bututun gilashi a kan harshen wuta, ya busa da baki, ya murɗa shi har ya zama harafi, ya ɗura masa iskar niyon, a ba shi lantarki ya kama ja jawur. Yatsunsa duk tabon ƙuna ne, ko kofi mai tafasa ya riƙe ba ya ji. Lokacin da babbar hanya ke ratsa tsakiyar gari, alluna talatin da ɗaya ke ci a bakin titi, ashirin da shida daga ciki aikin hannunsa ne.

Sai ga allunan zamani masu kama da talabijin, waɗanda ake sayowa a kwali a ɗaura da rana ɗaya. Gidan mai ya kafa, kantin magani ya kafa, har mai sayar da taya bai yarda a bar shi a baya ba. Fari fat suke, suna kashe ido, direba in ya kalla sai ya fita gari yana ganin ɗigo-ɗigo. Na Chevo kuwa aka riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma a bola ya tsinto su. Da ya cika shekara saba'in, allonsa guda tak ne ya rage yana ci: allon gidan abincin Ofelia Baca, ƙaton barkono ja da sunanta a ƙarƙashi. Kullum da yamma yana zaune a teburin bakin taga da kwanon wake da koren barkono, sai ya ga allon ya kama sannan ya tafi gida. Muddin wannan barkono na ci, a ganinsa bai mutu a garin ba tukuna.

Da baƙi masu zuwa kallon taurari suka fara ƙorafin cewa hasken gari ya cinye sama, masu masauki suka tayar da ƙayar baya, majalisar gari ta zauna ta yi doka. Daga faɗuwar rana babu allon da zai wuce wani ma'auni na haske, kuma za a aiko ma'aikaci da na'ura ya auna. Chevo ya je zaman da sabuwar hularsa, ya miƙe ya yi jawabin goyon baya, har tafi ya yi. An karanta a fili cewa tsofaffin alluna ba za a taɓa su ba muddin suna inda suke, amma duk wanda aka sauke aka mayar, sabo ne a idon doka. Shi bai ji wannan ba. Hankalinsa na kan mai gidan mai, yana jiran ya ga fuskarsa ta ɓaci.

Fuskar kuwa ba ta ɓaci ba. Allunan kwalin nan ashe da maɓallinsu suke zuwa, ana dannawa suka rage kansu, suka ci gaba da tallan man juye kamar ba a yi komai ba.

A watan Yuli aka yi ruwan ƙanƙara, ya fasa haruffa biyu a sunan Ofelia.

"Haruffa biyu ne kawai, tsoho," in ji ta. "Hau tsani ka sauya su, in zuba maka ƙarin wake."

"Ni? Gyaran kan tsani? Wannan aikin 'yan koyo ne. Sauke shi zan yi gaba ɗaya."

"Kai dai taurin kai zai kai ka kabari. Sati nawa zan yi a duhu?"

"Ke da girkinki ma a duhu kike yinsa, me ya dame ki?"

Haka maigidansa ya koya masa tun yana saurayi: allo ba a yi masa faci a sama. A sauke shi, a kwantar a kan tebur, a wanke kashin tsuntsu, a kankare tsatsa, a sake fenti, a duba kowace waya. Kwana tara ya yi a kansa, ko sisi bai karɓa ba. Ranar da aka mayar da shi barkonon ya fito kamar yanzu aka tsinko shi daga gona, mutane na tsayawa da mota suna ɗaukar hoto. Kwana biyu ya yi yana tafiya yana buɗa kafaɗa.

Rana ta uku Darlene Quintana ta shigo da takarda a hannu. Ita ce majalisa ta ɗora wa aikin awo, kuma Chevo ne ya yi wa uwarta allon shagon gyaran gashi tun ita tana goye.

"Kawu, me ya kai ka sauke shi?" ta ce, ba ta ko iya haɗa ido da shi ba. "Da a sama ka gyara, ba ruwana da shi har abada."

"Allon ya girme ki, 'yar nan."

"Na sani. Amma a takarda kwanansa uku a duniya. Na auna jiya, ya ninka ma'auni sau uku."

"Wa ya kai ƙara?"

"Ba sai an kai ba, Kawu. Gari duk ya ga hoton."

Ya je ofishin majalisa sau biyu. Aka ba shi kujera, aka ba shi ruwa, aka tuna masa da ladabi cewa yana cikin waɗanda suka goyi bayan dokar. Wannan ladabin ya fi komai ci masa rai. Zaɓi biyu aka bai wa Ofelia, ko a rage hasken ko a kashe allon, ita kuma abinci take sayarwa, ba za ta yi shari'a da gari a kan barkonon gilashi ba. Bai ga laifinta ba. Laifin nasa ne, na hannunsa da bai iya aikin ha'inci ba, kuma wannan ne baƙin cikin da ya hana shi cin wakensa har sati.

Da kansa ya sayo abin rage wutar, don ya rantse babu wanda zai sa hannu a allon sai shi. Ya ɗaura shi a akwatin lantarki da ke gefen ƙofa. Rana na faɗuwa Darlene ta tsallaka titi, ta saita na'urarta.

"Rage, Kawu!"

Ya murɗa.

"Ƙara!"

Jan ya koma ruwan hoda. Ya sake murɗawa, wutsiyar barkonon ta fara rawa, tana ɗaukewa tana dawowa.

"Saura kaɗan, don Allah ka yi haƙuri. Ƙara!"

Ya murɗa har sai da ta ɗaga babban yatsa, ta sunkuya tana sa hannu a takardarta. Chevo bai ɗaga kai ba. Ya rufe akwatin, ya ɗaure kusoshi huɗun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, fiye da yadda suke bukata.

Ofelia ta fito daga kicin tana goge hannu da tawul. Ta taka har bakin titi, ta juyo ta dubi sama, sannan ta dube shi.

"To, me kake jira kuma, tsoho? Kunna mana mu gani."

"A kunne yake," in ji Chevo.