Motar da Ba Ta Tsayawa Gaisuwa

Duk wanda ya zauna Dutsin-Ma wajen shekarun samun mulkin kai ya san Sodangi mai gyaran keke, wanda rumfarsa ke bakin hanyar Kurfi. Ɗan maƙera ne gaba da baya, daga Makera iyayensa suka taso suka shigo gari. Ubansa ya so ya zauna gaban zuga-zugi yana ƙera fartanya da lauje, amma tun ranar da Sodangi ya ɗora ido kan keke, fartanya ta fita daga ransa. Mutum ne mai hannu, wannan ba mai musu. Sai dai akwai shi da gaggawa da cika baki, abin da zai ƙera gobe yau zai ba ka labarinsa, har da yadda mutane za su riƙe baki.

Abu ɗaya ke damun sa a duniya, shi ne wansa Hudu. Cutar shan-inna ta kama Hudu tun yana goye, ƙafafu suka shanye. Ya girma yana jan jiki, da wasu takalman hannu na itace da ubansu ya sassaƙa masa saboda ƙaya da zafin ƙasa. Ɗinkin hula yake yi, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi ladabi. Kullum in zai tafi masallaci, Sodangi na jin ƙarar itacen nan, ƙwas, ƙwas, tana bi ta bayan rumfa. Maƙwabta sun saba har ba sa ji. Shi kam bai taɓa sabawa ba, duk sa'ar da ya ji ta sai ransa ya ɓaci.

Akwai wata bazawara 'yar Kurfi, Zinariya, da ke kawo zare ranar kasuwa. Hudu ya saba saye a wurinta, cinikin zare ya yi ta tsawo har ya zama hira. Wata rana ta dube shi ta ce, "Malam Hudu, in da gaske kake, ka zo Kurfi ka gaida kawuna." Hudu ya dawo gida ba murna. Sau ɗaya aka taɓa kai shi Kurfi, an ɗaure shi bisa jaki kamar buhun gero, yara na bin sa da ihu. Ya gaya wa ƙanensa gara ya mutu gwauro da ya je neman aure a haka.

Sodangi ya buga ƙirji ya ce, "Yaya, da kanka za ka tahi, a zaune, kana kallon mutane ido cikin ido. Bar mani wannan."

A lokacin akwai wani malamin auduga da ya faɗa rafi da babur ɗinsa, babur ya lanƙwashe, injin kaɗai ya tsira. Sodangi ya ba shi ragon da yake kiwo, ya ɗauko injin a ka. Ya tattara ƙarafan wani tsohon gado, ya haɗa su da ƙusa a maƙerar ubansa, ya sa ƙafafun keke huɗu, ya ɗaura kan keke a gaba don juyawa, ya kafa kujerar katako mai majingini. Daga kaka har bazara yana abu ɗaya. Masu kawo faci suka gaji da jira suka koma wani wuri, matarsa Turai ta yi mita har ta bari.

Ranar da abin ya tashi, kaji ma sai da suka bar unguwar. Mutane suka sa masa suna motar Hudu. Aibinta ɗaya ne: wajen faɗuwar nan ta malamin auduga kulocin injin ya lalace, sandar tayarwa ta karye, kuma duk ƙasar ba inda za a sami wasu. Sai an tura ta take tashi, in ta tashi kuma ba ta san tsayawa tana numfashi ba, kana taka birki ta mutu. A kan tsandauri wannan ba komai ba ne, ƙarti biyu sun isa. A cikin yashi kuwa, in ta mutu ta mutu ke nan.

Sodangi ya yi tunanin ƙaya, ya tanadi faci. Ya yi tunanin fetur, ya cika kwalabe. Ya mai da birki na hannu, ya koya wa wansa tuƙi a filin bayan gari har ya goge. Abu ɗaya ne bai zo masa a rai ba, abin da ko yaron goye ya sani: a ƙasar nan talaka ba ya wuce babba yana bisa abin hawa. Ko jaki ne sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Shi da kansa kullum haka yake yi da kekensa. Amma ya zauna ya ƙera wa mutumin da ya fi kowa ladabi motar da ba ta tsayawa gaisuwa.

Safiyar tafiya Hudu ya sa farar babbar riga ta aro, ta rufe ƙafafun ruf. Aka ɗora shi bisa kujera. Ya miƙa hannu zai ɗauki takalman itacensa, sai Sodangi ya riga shi. Jama'a sun taru, kansa ya kumbura. Ya ɗaga su sama kowa ya gani, ya ce, "Daga yau an gama da waɗanga!" Ya jefa su cikin wutar maƙera. Aka yi shewa. Hudu ya dubi fuskar ƙanensa, ya gyara zama bisa kujera.

Suka kama hanya, Hudu a gaba, Sodangi na biye da keke. Kai, da ka ga Hudu ran nan! Yana dariya, iska na kaɗa riga, manoma masu sharar gona na jefar da aiki suna fitowa kallo. Sodangi ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan hantsi ba.

Rana ta take suka iso wani ƙauye kafin Kurfi, inda hanya ta ratsa yashi ta ƙofar gidan mai gari. Ga mai garin zaune gindin ɗorawa da mutanensa. Zamanin siyasa ne, samari sun fara ƙin tuɓe takalmi gaban manya, saboda haka idon kowane mai rawani a buɗe yake. Hudu ya hango su, hannunsa ya tafi ga birki, ya waiwayo. Sodangi ya dubi yashin, ya daka masa tsawa, "Kada ka tsaya, Yaya! Wuce!" Hudu ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya wuce, hayaƙi ya turnuƙe majalisar.

Ba su yi nisa ba. A bayan ƙauyen akwai busasshen rafi, motar ta nutse ta mutu. Nan yaran mai gari suka cim musu da sanduna, suka ce mai gari ya rantse gaban jama'a sai mai farar rigar nan ya zo da kansa ya faɗi ya yi gaisuwa. Sodangi ya yaye rigar ya nuna musu ƙafafun. Da suka gani, wani daga cikinsu ya ce bari ya goya Hudu.

Hudu ya ce, "Ba wanda za shi ɗauke ni. An ce in zo da kaina."

Ya sulalo daga kujera, ya laluba gefensa inda ya saba aje takalmansa, bai sami komai ba. Bai dubi Sodangi ba. Ya dafa yashin bazara da tafin hannu, ya fara ja. Daga rafin zuwa gindin ɗorawar akwai 'yar tafiya, kuma duk ƙauyen ya fito. Sodangi ya cire hularsa ya miƙa masa ya naɗe hannu, Hudu ya kewaye ta ya wuce. Kafin ya isa, tafukan sun saɓule, farar rigar ta koma ja.

Ya faɗi ya ce, "Ranka shi daɗe, na yi laihi."

Mai gari ya ga abin da ya sa aka yi, kunya ta kama shi. Amma irin mutanen nan ne da in sun ji kunya sai su ƙara haushi. Ya ce ai da sun faɗa tun farko. Sa'an nan ya ce abin nan mai firgita dabbobi a bar shi nan sai an bincika. Ba a taɓa gama binciken ba. Shekaru bayan haka masu wucewa na ganin motar a ƙofar gidan ba inji, an ɗaura mata jaki ana kai taki gona.

Bisa jakin aro Hudu ya koma Dutsin-Ma, a ɗaure. Zinariya ta ji labari, ta aiko cewa ya zo ko a kan mene ne, ita ba mota ta ce a kawo mata ba. Hudu ya ce a gaya mata ya gode. Bai je ba, ta daina kawo zare, daga baya aka ji ta yi aure a Rawayau.

Sodangi ya ci gaba da faci da gyaran birki har furfura ta cika masa kai, amma bai sake taɓa inji ba. Da babura suka yawaita aka riƙa kawo masa, sai ya ce bai iya ba. Cika bakin ma ya tafi. Hudu bai taɓa yi masa maganar ranar nan ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Abu na ƙarshe da Sodangi ya ƙera wa wansa, tun kafin hannuwan su gama warkewa, bai kai aikin yini ɗaya ba. Ya samo icen kirya, ya sassaƙa sababbin takalman hannu, ya goge har suka yi santsi, ya kai masa ya aje ba tare da ya ɗaga kai ba. Hudu ya zura hannu, ya gwada, ya ce, "Sun yi daidai. Allah shi yi maka albarka."

Aka kira la'asar. Sodangi na zaune a rumfa da tayar wani a hannu, ya ji su suna tahowa ta baya, ƙwas, ƙwas, sun fi na da ƙara.