Tabarmar Malam Idi

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Idi, mutumin Yalwan Damai, wanda muka sha ƙurar alli tare a wata sakandare a Gwaram. Allah Ya jiƙansa.

Kafin mu haɗu, gwamnati ta taɓa tura shi koyarwa wani tsibiri a tekun Fasifik, ƙasar da sai ka kai hancinka jikin taswira kafin ka gan ta. Tsarabar da ya kawo mana labari ne guda ɗaya, ya kuwa ishe mu: wani ɗalibinsa ya shiga siyasa. Malam ya bi rayuwar mutumin nan kamar yadda manomi ke bin hadari. An ba shi ministan ilimi, majalisa ta kayar da gwamnatinsu, ya koma adawa, can aka dawo da shi ministan kamun kifi. Na ce, "Malam, ashe duk koyarwar taka Sarkin Ruwa ka haifar." Bai yi dariya ba.

Ba muƙaman ne suka burge shi ba. A can, in ji shi, minista in ya je ƙauyensu a tabarma yake zama, kansa ba ya wuce na dattawa, kuma ba ya magana sai sun gama yi masa faɗa.

Da ya yi ritaya sai ya tsaya takarar kansila. Kukan mutanensa ɗaya ne: kwalbatin da ruwa ke cinyewa kowace damina, ya raba su da asibitin Birnin Kudu, mai naƙuda ta tsaya a bakin rafi. Ranar taro aka ajiye masa kujera mai laushi. Ya ture ta, ya naɗe ƙafa a tabarma.

Baba Sale, dattijon unguwar, ya ce, "Malam, tashi don Allah. In kai ma a ƙasa kake, wa zai kai kukanmu sama?"

Bai tashi ba. Ya kuwa sha kaye a hannun wani mai zuwa taro da kujerarsa a bayan mota. Har ya rasu ana masa kallon wanda boko ya yi wa yawa. Ni ma na taya.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Ɗalibin nasa, na ji, ya bar siyasa, teku na cin gaɓar ƙauyensu. Kwalbatin garinsu Malam kuwa an ƙaddamar da shi da tafi, damina ta zo ta sauke shi ba tafi.

Amma a kamfen ɗin da ya wuce na je Yalwan Damai. Wani ɗan takara ya sauko daga mota yana waige-waige. Baba Sale, da sanda yanzu, ya ce, "Kujera kake nema, Alhaji? Mun gwada mai kujera, ruwa bai ji tsoronsa ba. Ga tabarmar Malam Idi. Zauna, mu za mu fara magana."

Ya zauna.