Kawu Allura da Muryar Kaka

Ranar da na fara jin sunansa, Mama na kicin tana dirzar tukunya kamar da ita suka yi faɗa. "Allura zai cinye mana uwa muna kallo," ta ce wa Baba. Daga baya na gane ƙanenta take nufi, autan gidansu, mai gyaran rediyo, wanda allurar garmaho ta jawo wa wannan suna.

Kaka, mahaifiyarsu, ta rasu kafin a haife ni. Da ciwo ya tsananta, an kai ta wani shago aka naɗi muryarta a faifai guda ɗaya, tana yi wa 'ya'yanta sallama. Faifan mai laushi ne, duk sawa sai allura ta ɗan kankare shi. A hannun Kawu ya faɗa.

Da na gama sakandare Mama ta fara aike na kai masa abinci. Ɗakin nan, Allah ya sawwaƙe. Taga a rufe, wai ƙura. Warin dalma da na safa sun haɗu sun zauna. Kwanon jiya na ƙarƙashin gado, kyankyasai na shagali a ciki, kofin shayi ya yi gashi fari. Amma allurar tana da burushinta na musamman, yana share ta yana riƙe numfashi. Haƙoransa ba su taɓa samun wannan gata ba.

"Zauna, 'yar Yaya, ara mini kunnenki," ya ce. "Muryar allurar nan ƙanƙanuwa ce. Wannan taransifoma ke ɗaga ta kafin ta shiga amfilifaya, mai ƙara mata ƙarfi. To sai an daidaita nauyin da ake ɗora wa allurar. In ya yi yawa, Inna ta koma kamar mai magana cikin bargo. In ya yi kaɗan, sai ta zama cokali a kan faranti."

Sai ya ɗauko wani ɗan abu mai zanen launi, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya liƙa da dalma, ya sa faifan. Ya yamutsa fuska, ya cire, ya liƙa wani, ya sake sawa. Haka yake tun kafin in iya tafiya.

Ni kuwa maganar nake ji. Kaka na kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, tana tari a tsakani. Da ta zo kansa sai muryarta ta sauka: "Kai kuma auta, ka riƙa buɗe taga. Ka ci abinci da zafinsa. Kada ka yi nisa da yayarka." Daidai nan yakan ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji? Saman muryar ya yi kaifi." Sai in kau da kai in shiga tattara kwanuka.

Wayar hannu ba ta shiga ɗakin. A bakin ƙofa yake karɓewa, wai tana sa lasifika kuka. Mama ta je da kanta ta roƙe shi ya bari a kwafe muryar.

"Sai na gama daidaitawa, Yaya. Ba za a kwafi muryar da ba tata ba."

"Yaushe za ka gama, ranar tashin kiyama? Uwarmu ce, ba kayan gwaji ba! Kai ko wanka ba ka daidaita ba."

"Ke dai ba ki da kunne."

"Kai kuma ba ka da hanci."

A kan idona muryar ta riƙa tafiya. Tarin ne ya fara ɓacewa, sannan sunayen. Wata rana ya kira ni yana rawar jiki, ya ce ya samu, yau komai ya zauna daidai. Ya sauke allurar. Abin da ya fito shuuu ne kawai, tas, kamar ruwan sama a kan kwano. Babu Kaka a ciki.

Ya daɗe yana kallon faifan na juyawa. Ban tausaya masa ba, kuma har ya rasu Mama ba ta sake taka ɗakin ba. A ranar dai, na tattara kwanuka zan fita, ya riƙo bakin mayafina da yatsunsa baƙaƙe.

"'Yar Yaya," ya ce, "ke da kika riƙa ji. Don Allah zauna ki faɗa mini, me Inna take cewa a wajen da ta kira ni?"