Mai Maɓallai da Gwangwaninsa na Shida

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi marigayin da iyalansa da abokan aikinsa suka sani da Mai Maɓallai a shekarar 1944, a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa wanki take yi wa ma'aikatan tasha. A shekarar 1953, yana da shekara tara, ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa a shagon mahaifinsa, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya, har aka saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti. Malamin asibitin da ya matse ƙafar, don ya ɗauke masa hankali daga ihun da yake kurmawa, ya gaya masa cewa wannan mugunya gawarwakin fararen ƙwayoyin jininsa ne, waɗanda suka rugo bakin raunin, suka haɗiye ƙwayoyin cuta, suka mutu a wurin. Yaron ya tsaya da kuka ya tambayi wa ya aiko su. Malamin ya ce, “Ba wanda ya aiko su. Da su aka haife ka.”

Karatunsa

Ya kammala firamare a shekarar 1957, sakandare a 1963, sannan ya shiga makarantar koyon gwaje-gwajen asibiti, inda ya karɓi takardar shaida a 1966. Gaskiyar magana, bai taɓa zama na ɗaya ba, kuma kusan kowane malami ya rubuta a rahotonsa cewa jinkirinsa ya yi yawa. Ba su yi masa ƙazafi ba. Mutum ne da sai ya duba abu sau uku kafin ya yarda da idonsa.

Aikinsa

A watan Satumba na shekarar 1966 ya kama aiki a ɗakin gwajin jini na babban asibiti, wani ɗaki mai taga ɗaya, da dogon teburi, da famfon da bai daina ɗiga ba har ya bar aiki. Aikinsa shi ne ya shafa ɗigon jini a kan gilashi, ya rina, ya sa a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ya ƙirga fararen ƙwayoyi ɗari, ya rarraba su bisa nau'insu guda biyar. Kowane nau'i ya raɗa masa suna. Waɗanda suka fi yawa, masu riga kowa isa bakin rauni ba tare da sun tambayi sunan cutar ba, yana ce musu 'yan gaba-dai. Manyan da ke biyo baya su haɗiye abin da ya saura, masu shara. Sai masu tsutsa, wato masu yaƙar tsutsar ciki, da 'yan ƙaiƙayi masu tayar da borin jini, da masu littafi, wato waɗanda ke riƙe kamannin cuta don in ta sake dawowa. Matsalarsa ɗaya ce: da wani ya leƙo ya yi sallama, sai ƙidayar ta kufce masa, ya koma farko.

Aurensa da zuriyarsa

A shekarar 1969 ya auri wata tela, mace mai saurin hannu da saurin baki, kuma ita ce ta raba shi da wannan wahala. Da ta gaji da jin koke, sai ta ƙirga maɓallan riga ɗari daga kwandonta, ta haɗa masa da gwangwanayen madara biyar, ta ce kowace ƙwaya ya gani ya jefa maɓalli a gwangwaninta, in maɓallan hannunsa suka ƙare ya san ɗari ta cika, kowa ya huta. Shi ya ƙara na shida da kansa, ya shafa wa murfinsa jan fenti, ya ware shi domin ɗanyun ƙwayoyin da bai kamata su baro ɓargo ba, waɗanda yawansu a jini ke nuna sankara. Daga nan sunan ya bi shi. Shekara da shekaru matar tana yi masa tsiya cewa ita ce ainihin ma'aikaciyar asibitin, shi aron hannu kawai aka yi. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1970 da 1983.

Zuwan na'ura da ritayarsa

A shekarar 1996 aka kawo na'ura mai ƙirga jini cikin minti ɗaya. Bai yi gaba da ita ba, ya ma yaba mata, sai dai yakan ce ta iya ƙidaya amma ba ta iya kallon fuska ba. Ya yi ritaya a 2004, aka sallame shi da tsohon madubinsa, da yake ba mai amfani da shi. A 2007 aka cire masa yana a idon dama, na hagu kuwa ya riga ya dushe, har jikoki suka ɗauki gwangwanayen suka mai da su kayan wasa.

Rashin lafiyar Auta

A watan Maris na shekarar 2009, mako biyar bayan an yi wa 'yarsa Auta tiyata an ciro ɗanta na fari, zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rame, ta kasa ko shayar da jaririn. Na'ura ta nuna fararen ƙwayoyinta sun haura dubu hamsin, a ma'aunin da lafiyayyen mutum ba ya wuce dubu goma sha ɗaya. Likitar da ke duba ta, mace mai natsuwa, ta kira mijin Auta gefe ta ce tana tsoron sankarar jini ce, kuma dole a kai Auta wani gari mai nisa a ɗebi ɓargonta. Kafin la'asar labari ya game dangi, mata sun fara kuka a tsakar gida, uwar Auta kuwa, duk bakin nan nata, ta zauna gaban keken ɗinkinta shiru.

Washegari da hantsi dattijon ya je wurin likitar ya roƙi alfarma ɗaya, a ba shi gilashi guda na jinin 'yarsa. Babban ɗansa ya so ya hana, don kada Baba ya kunyata kansa da ido ɗaya a gaban ƙwararru, amma likitar ta ce a bar shi. Ya zauna a bakin tsohuwar tagarsa, ya kafa tsohon madubinsa, ya jera gwangwanaye shida da ya karɓo daga hannun jikoki, ya damƙi maɓallai. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don shi ya san sau nawa ya ji ƙarar wancan jan gwangwani a kan 'ya'yan mutane. Ya ƙirga ɗari, ya juye, ya sake, ya kuma sakewa, kamar yadda ya saba. Kusan duka 'yan gaba-dai ne, cike da baƙaƙen ɗigo irin na waɗanda ke tsakiyar fama, da 'yan ƙannensu da aka turo suna dab da gama girma. Sai ya ɗauki na shida ya kai kunnen matarsa, wadda ta biyo shi tana tsaye a bakin ƙofa, ya girgiza. Ba abin da ya yi ƙara.

“Likita,” in ji shi, “jinin nan bai lalace ba, faɗa yake yi. A taimaka a nemo mana inda ake faɗan.”

Likitar ta leƙa madubin da kanta, ta daɗe, sannan ta sa aka ɗauki hoton ciki, aka tarar da mugunya ta taru a can ƙarƙashin wurin tiyatar. A ranar aka zuƙe ta, aka ɗora Auta a kan magani. Bayan kwana tara lissafin ya sauko dubu tara, likitar ta soke maganar tafiya, Auta ta karɓi ɗanta ta ce yunwa take ji. Alhamdu lillahi, gidan da aka fara koke-koke ya cika da dariya, matar dattijon kuma bakinta ya dawo, ta sanar da duk wanda ya zo barka cewa maɓallanta ne suka yi aikin.

Rasuwarsa

Ya yi sauran shekarunsa cikin kwanciyar hankali, har Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 13 ga Nuwamba, 2018, da hantsi, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da huɗu. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan asibitin da ya yi wa hidima shekara talatin da takwas. Ya bar matarsa, da jikoki goma sha huɗu, da 'ya'ya biyar: babban ɗansa direban jirgin ƙasa, da malamar makaranta, da mai gyaran lantarki, da telar da ta gaji keken uwarta, sai Auta, wadda aka riga aka yi wa kuka shekara tara kafin nan, yanzu kuma uwar yara uku. Da aka zo raba kayansa, aka ba asibiti madubin, uwar ta karɓe maɓallanta, Auta ta ce ita abu ɗaya take so. Gwangwanin mai jan murfi yana kan kantar ɗakinta har yau, kuma ta hana kowa ya jefa ko allura a ciki. Allah ya jiƙansa da rahama.